Nijar da Italiya: Abotar da Ta Soma a Duwatsun Keita

Hirarmu ta yau ta tarihi ce, amma tarihin da bai yi nisa ba, domin da yawa daga cikin waɗanda suka yi shi da hannunsu suna nan da ransu a Keita da Tamaske da Ibohaman da Garhanga. Za mu duba yadda ƙasarmu ta ƙulla abota da wata ƙasar Turai mai suna Italiya. Abotar ta soma da diga da felu a shekarar 1984. Bayan shekara 33 ta kai ga yarjejeniyar soja. Ka bi karatun a hankali. In kalma ta yi maka nauyi, malamin aji ya maimaita.

Da farko, ina Italiya take? Ka dubi taswira. Arewa da mu akwai Libiya, arewa da Libiya akwai tekun Bahar Rum. Cikin tekun nan wata ƙasa ta miƙo doguwa kamar ƙafar mutum sanye da takalmi. Ita ce Italiya, babban birninta Roma. Tun 1946 ta zama jamhuriya, jama'a ke zaɓen wakilansu, wakilan kuwa su ke yanke abin da za a yi da kuɗin ƙasa. Ka riƙe wannan, za ka ga amfaninsa a gaba. Italiya ba ta mulke mu ba, Faransa ce ta yi. Amma ta shiga Libiya da yaƙi a 1911, kuma wutar wannan yaƙi ta haska har ƙasarmu. Lokacin da Kaosan ya kewaye barikin Faransawa a Agadas a Disamba 1916, cikin makamansa akwai igwar da aka ƙwace daga hannun sojojin Italiya a Fezzan. Ashe kayan Italiya na farko da ya yi suna a ƙasar nan, ba kyauta aka ba mu shi ba.

Yanzu mu dawo gida. Wanda ya san Adar ya san ƙasa ce mai hawa uku. A bisa akwai tudun dutse mai faɗi. A tsakiya akwai gangare. A ƙasa akwai kwari da fadama, inda ƙorama ke bi, inda kuma arzikin noma yake. Dattawa sun shaida cewa a shekarun 1950 da 1960 damina tana kyau, gangaren duwatsu cike suke da itace. Sai jama'a ta ƙaru, aka sare daji don gona da makamashi, ruwan sama kuma ya ja baya. Fari ya zo a 1973, ya kashe dabbobi, ya watsa gidaje. Da itace ya ƙare a bisa, ruwan da ya faɗi ba shi da abin da zai tare shi. Sai ya gangaro a guje, ya kwashe ƙasar noma, ya tsaga kwazazzabai, ya binne fadama da yashi. Ka ga abin mamaki: ƙasar da ke kukan rashin ruwa, ruwa ne ke cinye ta.

Yunwar 1973 ba ta bar gwamnati ba. Ran 15 ga Afrilu 1974 soja suka kifar da Jori Hamani, Seyni Kunce ya hau. Ɗaya daga cikin laifukan da aka ɗora wa tsohuwar gwamnati shi ne yadda aka yi da abincin agaji. Kunce bai daɗe ba ya sallami sojojin Faransa da ke Yamai. Wannan ma ka riƙe shi.

A kwarin Majiya, wajen Buza, an riga an gwada wata dabara tun 1975. Ma'aikatan gandun daji da ƙungiyar CARE ta Amurka sun dasa dogon yaro jeri biyu-biyu, ya tare iskar hunturu da ke kwashe ƙasa. Manoma sun ga hatsinsu ya ƙaru a bayan itatuwan. Amma wannan maganin kwari ne kawai. Ciwon yana bisa dutse.

Shekarar 1984 ta zo da abin da ya fi na da. Damina ta ƙi. Ba'adare kuwa in damina ta ƙi, ya san hanyarsa: ya ɗauki jaka ya tafi biɗa, Sakkwato ko Kano ko Legas ko Abijan. To, a wannan karo hanyar ma ta toshe. A Janairu 1983 gwamnatin Shehu Shagari ta kori baƙi daga Najeriya, a Afrilu 1984 kuma Janar Buhari ya rufe iyaka. Shi ya sa har yau in ka ji tsofaffi sun ce El Buhari, yunwar nan suke nufi. A watan Mayu na wannan shekara aka yi babban taron Maraɗi kan yaƙi da hamada, gwamnati ta yi kira ga kowa da kowa ya dasa itace, daga baya kuma ta matsa a kan noman rani. Cikin wannan hali furojen Keita ya kama aiki.

Me ya kawo Italiya? A nan ne maganar majalisa ta shigo. A ƙarshen shekarun 1970 da farkon 1980, wani ɗan siyasa mai suna Marko Panela da ƴan ƙaramar jam'iyyarsa sun tada ƙura a kan yunwar duniya. Suna zanga-zanga, suna ƙin cin abinci, suna cewa abin kunya ne ƙasa mai arziki ta zuba ido. Malaman coci da ƴan jarida suka kama musu. Gwamnati ta ji zafi. A 1982 ta buɗe wani shiri na musamman don ƙasashen Sahel, a 1985 kuma majalisa ta yi doka ta ware lira miliyar 1,900 don agajin gaggawa. Wato kuɗin da ya iso Keita harajin talakan Italiya ne, kuma surutun ƴan siyasarsu ne ya turo shi. Mu a nan lokacin babu majalisa, babu jam'iyya. Soja ke mulki, sarakuna da samariya ke isar da umarni. Ɓangare ɗaya an yi muhawara, ɓangare ɗaya an ba da oda.

An raba aikin kamar haka. Italiya ta kawo kuɗi da motocin aiki. Hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda ake kira FAO, ta riƙe gudanarwa, hedikwatarta ma a Roma take. Hukumar PAM ta kawo abincin biyan ma'aikata. Gwamnatin Nijar ta ba da ma'aikatanta. Wani Ba'italiye mai suna Renato Karuci shi ne babban mashawarci, ya shekara da shekaru zaune a Keita. Jama'ar Adar kuwa suka ba da abin da babu wanda zai iya aikowa daga Roma, wato ƙarfin jikinsu.

Dabarar aikin tana da sauƙin fahimta, ko da yake yin ta da wuya. An ce ba a gyaran kwari sai an gyara dutse. Saboda haka aka soma daga bisa, aka bi ruwa sawu-sawu har ƙasa. A kan fako, inda ƙasa ta ƙeƙashe ta yi tauri kamar daɓe, katafila ta fasa ta, ta ja doguwar kunya a gicciye. Mutane suka bi kunyar suna jera mata duwatsu don kada ruwa ya cinye ta, suka dasa itace a gindinta. Ruwan da a da yake gudu sai ya tsaya, ya nutse. Tsakanin kunya da kunya aka shuka gero da dawa, a wurin da ko ciyawa ba ta fita. A gangare, inda mota ba ta iya hawa, sai hannu. An haƙa ramuka dogaye, kowanne tsawonsa kamar mita 3, a jere a saɓe, yadda ruwan da ya kuɓuce wa na bisa zai faɗa na ƙasa. Kowane rami da ɗan itacensa, galibi na ƙaya irin su bagaruwa da kandili, masu jure ƙishirwa. Cikin ƙoramu kuma aka gina shinge na ragar waya cike da duwatsu, da madatsun ruwa. Shingen nan ba ya hana ruwa wucewa, rage masa gudu yake yi, ya tilasta masa ya bazu cikin fadama ya ajiye laka. Da ruwa ya nutse, rijiyoyi suka taso. Wanda ke da ƴar rijiya a fadama ya sami albasa da tumatir da rani. An kuma kafe jigawa masu tafiya, an yi hanyoyin mota, an gina azuzuwa da ɗakunan shan magani da rumbunan tsimi.

To, wa ya ɗauki duwatsun? Ƴar'uwa, wannan tambaya taki ce, kuma kin san amsarta. Mata ne suka fi yawa a wurin aikin, nesa ba kusa ba. Maza sun tafi biɗa, wasu shekara biyu ba labari. Mace ta tashi da asuba, ta yi daka, ta goya yaro, ta hau dutse da tasa a ka. Ba kuɗi ake biya ba, abinci ne: a rubuta sunanki kowace rana, bayan kwanaki a auna miki hatsi da mai da sauran tarkace. Lissafin furojen ya nuna an yi yinin aiki fiye da miliyan 12. Ka tsaya ka auna wannan adadi. In mutum dubu suka fita kullum, ba Juma'a ba Salla, sai sun haura shekara 30 kafin su cika shi.

Ba kowace mace ce ta hau dutsen ba. Matar mai hali ta zauna gida. Waɗanda suka fi fita su ne marasa ƙarfi, da zawarawa, da waɗanda kakanninsu suka taɓa zama ƙarƙashin wasu. Wata malamar tarihi ƴar Italiya, Benedeta Rosi, ta zauna a Adar ta rubuta littafi a kan wannan a 2015. Ta bi tarihin aikin ƙarfi a ƙasar tun zamanin bauta, da aikin tilas na Faransawa wanda aka hana a 1946, har zuwa aikin furoje. Babu wanda ya tilasta wa kowa a Keita da bulala, wannan gaskiya ne. Amma wanda rumbunsa ya ƙare a watan uku, in ya amsa kira, ba a cewa ya zaɓa. A takardun manya an rubuta cewa jama'a sun rungumi ci gaba. Matan kuwa tukunyar dare ce a ransu. Duka biyun sun faru a kan dutse ɗaya.

Daga 1991 aikin ya ƙetare iyakar Keita ya shiga ƙasar Buza da ta Abalak. A wajen Madawa kuma, cikin kwarin Tarka, wani furoje ne na daban da kuɗin asusun ƙasashen Turai ya taimaki manoman albasa. Zuwa farkon shekarun 2000, lissafin Keita ya kai itace kimanin miliyan 18 da aka dasa, da ƙasa fiye da hekta 34,000 da aka farfaɗo da ita. Hotunan da ake ɗauka daga sama sun nuna kore a inda a 1984 babu komai sai jan dutse. Baƙi sun riƙa zuwa daga ƙasashe suna kallo. Ba na shakkar cewa cikin manyan ayyukan karkara da aka yi a ƙasar nan da kuɗin waje, kaɗan ne suka bar abin da ido zai gani kamar wannan.

Sai dai akwai ƙura a bayansa. Fakon da ba shi da mai nema, da ya soma fid da hatsi sai ya sami masu shi da yawa, aka yi ta shari'a gaban sarakuna. Makiyayi ya tarar da burtalinsa na da ya zama gona ko wurin dashe da aka hana shiga. Dokar ƙasa ta karkara ta 1993 ta zo don warware irin wannan, amma doka a takarda daban, a bakin gona daban. Aikin kuma ya dogara da manyan motoci, da gazuwal, da kayan gyara daga waje. Ƙauye yana iya jera dutse, ba ya iya sayen katafila. Sannan ga yawan jama'a. A farkon shekarun 1960 mutanen ƙasar Keita ba su kai dubu 70 ba, a ƙidayar 2012 sun haura dubu 330. Gonar da aka ƙwato daga dutse, ƴaƴa sun raba ta. Biɗa ba ta tsaya ba.

Cikin waɗannan shekaru siyasar ƙasashen biyu ta juya. Kunce ya rasu a Nuwamba 1987. An yi taron ƙasa a 1991, an zaɓi Mahaman Usman a 1993. Daidai lokacin da muka shiga mulkin zaɓe, Italiya ta faɗa cikin babbar shari'ar cin hanci ta 1992, wadda ta rusa tsofaffin jam'iyyunta, ta kuma taɓa har ofishin agajin ƙasashen waje. Majalisa ta rage kuɗin agaji ƙwarai. Hannun da ya buɗe famfo shi ya rage shi. Keita ta tsira, aiki ya ci gaba, amma ba da ƙarfin farko ba. Abin lura kuma shi ne, duk tsawon wannan zama, Italiya ba ta da ofishin jakadanci a Yamai.

Abin da ya kawo jakada ba itace ba ne. A 2011 gwamnatin Gaddafi ta faɗi, makamai suka watsu cikin Sahara, arewacin Mali ya kama wuta a 2012. Jihar Tawa ma ta ɗanɗana: a Oktoba 2016 an kashe sojoji 22 a Tazalit. A ɗaya gefen kuma, Libiya ta zama buɗaɗɗiyar ƙofa zuwa Turai. A 2016 kaɗai, mutum kimanin 181,000 suka sauka gaɓar Italiya cikin jiragen ruwa, da yawansu ta Agadas suka bi. Wannan karo surutun ƴan siyasar Roma ya canza. Da ana cewa a kai wa mayunwata abinci. Yanzu ana cewa a tare su tun daga nesa.

A lokacin Mahamadu Isufu ke mulki, ɗan Dandaji ta ƙasar Illela, wanda aka zaɓa a 2011 aka sake zaɓa a 2016. A wannan karo gwamnatoci biyu zaɓaɓɓu ne suka zauna kan maganar tsaro. Nijar ta riga ta yi doka a 2015 ta hana safarar baƙin haure. A 2017 Italiya ta ba da yuro miliyan 50, wato sefa miliyar 32 da ɗoriya, don taimakon kasafin kuɗi da tsaron iyaka. Ran 26 ga Satumba 2017 ministocin tsaro biyu, Kalla Mutari da Robata Pinoti, suka sa hannu kan yarjejeniyar soja a Roma. A Janairu 2018 aka yi bikin buɗe ofishin jakadanci a Yamai, cikin watan nan kuma majalisar Italiya ta amince a aiko soja, iyakarsu 470. Aikinsu horar da sojojinmu da jandarmomi da gardi, har da sojojin laima. Mazauninsu ya zama gefen filin jirgin saman Yamai.

Za ka ce tunda duka biyu mulkin zaɓe ne, komai a fili aka yi. Ba haka ya kasance ba. Da labari ya fito, wasu manyan gwamnati a Yamai suka ce ba a shawarce su ba, aikin ya yi wata da watanni a tsaye, sai wajen Satumba 2018 ya motsa. A Italiya, sai da ƙungiyoyin farar hula suka kai ƙara kotu kafin a nuna musu takardar yarjejeniyar. A nan gida, ƙungiyoyi sun daɗe suna cewa tsarin mulki ya ce a kai irin wannan magana gaban majalisa. Sai a Afrilu 2022, zamanin Mohamed Bazum, majalisa ta yi ƙuri'a kan zaman sojojin waje, 131 suka yarda, 31 suka ƙi. A ganina, ƙuri'ar nan ta makara. Manomin Garhanga ya san abin da furoje ya kawo, don ya taka shi da ƙafarsa. Abin da ke cikin takardar Roma kuwa, ba wanda ya karanta masa, ko da Faransanci balle da Hausa.

Dokar 2015 ma ta taɓa Adar ta bayan gida. An yi ta ne don baƙi, amma da aka soma kama direbobi da motoci a Agadas, kuɗin mota ya hau, direbobi suka bar hanyar rijiyoyi suka bi ta cikin rairayi. Saurayin Buza ko na Tamaske mai zuwa Sabha neman aikin gini ko lambu, wanda bai taɓa mafarkin Turai ba, shi ma ya biya. Jikan matar da ta ɗauki dutse don abincin PAM ke nan.

Ran 26 ga Yuli 2023 soja suka karɓi mulki ƙarƙashin Janar Abdurahaman Tiani. A Nuwamba aka soke dokar 2015. Sojojin Faransa na ƙarshe sun fita a Disamba 2023, kamar yadda na gabansu suka fita a 1974. Na Jamus sun tafi a Agusta 2024, na Amurka sun gama kwashe kayansu a Satumba. Lokacin da waɗannan duka suka tafi, na Italiya suna nan Yamai. Masu nazari sun kawo dalilai: ba su da yawa, ba su zo yaƙi da kansu ba sai horo, ba su da tarihin mulkin mallaka a ƙasar, gwamnatinsu kuma ba ta yi ta faɗa da sababbin hukumomi a bainar jama'a ba. Roma tana da nata lissafi, ba ta son ta bar hanyar Agadas ba ido. Abotar da ta soma tsakanin majalisa da soja, ta ratsa zamanin majalisa biyu, ta sake komawa inda ta fito.

A can bisa duwatsu kuwa, kunyoyin farko sun kai shekara 40. Inda dutse ya zube ba a mayar ba, ruwa ya sami ƙofa, kuma ƙofa ɗaya ta isa ta tsaga gona cikin damina biyu. Madatsun ruwa suna cika da laka, ragar waya tana tsatsa. Tun zaɓen ƙananan hukumomi na 2004 aka ce kula da irin waɗannan ayyuka ya rataya a kan magajin gari da majalisarsa, tare da kwamitocin ƙauyuka. A Afrilu 2024 an rusa majalisun, an naɗa masu riƙo. Saboda haka in kunyar garinku ta karye, wurin mai riƙon ne da ma'aikacin gandun daji za ku kai magana. Kafin ku tafi, ku ɗauki alli da allo ku hau dutsen tare da matan da suka gina ta, su nuna muku inda ruwa yake bi tun da, ku ƙirga wuraren da suka karye, ku rubuta adadin da hannunku.